Na sa wa kekena shifta mai goma, giya ta ƙi zama: ina matsalar take?

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da dare. Wata matsala ce ta sha min kai yau kwana huɗu, don Allah masu sani a agaza.

Keken nan nawa na gwanjo, wanda wasunku suka gani ranar da muka je Bagauda, da kayan giyar Shimano samfurin Sora mai hawa tara ya zo, kaset ɗinsa, wato jerin haƙoran wilin baya, 12-25 ne, daga mai haƙori 12 zuwa mai 25. Tun da sanyi ya shigo shiftar dama, wato hannun canza giyar baya, ta fara min wasa. In na danna ƙaramin hannun, wani sa'in ya yi ƙas ya saki, wani sa'in ya tafi haka kawai kamar babu komai a ciki, musamman da asuba. Ranar Lahadin waccan ta mutu murus, ta bar ni a kan haƙori 21. A haka na yi ta wulwula ƙafa daga Janguza har gida, 'yan adaidaita suna wuce ni suna dariya.

Sai na ce tunda dai kuɗi zan kashe, bari in ɗan hau sama. Na samu shiftocin Shimano Tiagra masu hawa goma a hannun wani, daga keken da bodinsa ya tsage aka ciro su. Na sayi sabon kaset mai goma 12-28 da sarƙa mai goma. Direlar baya da ta gaba, wato ƙarafan da ke tura sarƙa daga haƙori zuwa haƙori, ban taɓa su ba, don wanda ya sayar min ya ce duk kayan Shimano uwa ɗaya uba ɗaya ne.

Ga abin da take yi. In na saita a ƙaramin haƙori, dannawa ta farko lafiya. Ta biyu sai ƙara, car-car-car. Ta uku sai ta nemi tsallake ɗaya. Abin mamaki, a ta biyar sai ta yi tsit, amma in na leƙa sai in ga ta wuce inda ya kamata da hawa ɗaya. Kafin dannawa ta ƙare sarƙa ta riga ta kai babban haƙori, saura ɗaya ko biyu sun ƙi shiga. Na murɗa ajasta, ɗan notin daidaita wayar giya, gaba na murɗa baya har yatsana ya yi kanta. Ko dai jabu aka sayar min?

Kawu Mai Rali:
Wa alaikumus salam. Allah ya kyauta. Ni Ralina giya ɗaya gare ta, ba ta taɓa tsallake ta ba.

Baba Mai Gyara:
Wa alaikumus salam yarona. Kafin ka zagi mai kaya duba abu biyu. Na ɗaya kunnen da direla ke rataye a jiki. Ka tsaya a bayan keken ka tsuguna, ka dubi ƙafar direlar, ta sauko sak a ƙasan haƙorin ko ta karkata wajen sufok? Kekunan gwanjo a kwance ake jibge su a kwantena, wani kan wani, da wuya ka samu wanda kunnensa bai lanƙwashe ba. Na biyu waya. In tsohuwar riga ka bar wa sabuwar waya, ƙurar da ke ciki za ta riƙe ta. A cikin goma da ake kawo min da irin wannan kuka, mafi yawa ɗaya daga cikin biyun nan ne.

Ɗan Gwammaja:
Baba na gode. Kunnen sabo ne, wata biyu da suka wuce na canza bayan na faɗi a Kabuga, kuma da tsohuwar shifta yana aiki sumul. Waya da rigarta duk sababbi na sa.

Malamin Lissafi:
Ɗan Gwammaja, tambaya ɗaya. Wayar giya ta ina take fitowa daga shiftar? Ta gefe take fitowa tana lilo a gaban sitiyari kamar gashin bakin kyankyaso, ko ta bi ƙarƙashin tef?

Ɗan Gwammaja:
Ƙarƙashin tef, Malam. Abin da ya ja ni ma ke nan, gaban keken ya yi fes.

Malamin Lissafi:
To ɗaga robar da kake ɗora hannu a kai, ka naɗe ta gaba, za ka ga lamba a jikin shiftar daga gefe. Sannan ka juya keken ka haska bayan direlar, can ciki, akwai wata lambar da ta fara da RD. Karanto mana duka biyun.

Ɗan Gwammaja:
ST-4700 a shifta. RD-3500 a direla.

Malamin Lissafi:
Shi ke nan. Kayanka ba jabu ba ne, aure ne kawai bai halatta ba.

Bari in yi bayani a hankali don wasu ma su amfana. Shifta ba ta san komai game da kaset ba, aikinta kawai ta ja waya da wani ƙayyadadden tsawo a kowace dannawa. Direla kuma ita ce ke mayar da wannan ja ya zama tafiya a gefe. Tazarar da ke tsakanin haƙori da haƙori a kaset mai goma kusan milimita 3.95 ce. Mai tara kusan 4.35, mai takwas 4.8. Dole abin da shifta ta ja, in aka ninka shi da yadda direla ke ninkawa, ya ba da wannan tazarar daidai.

Tsofaffin direlolin titi na Shimano, har da Sora ɗinka, suna ninkawa kusan sau 1.7. Tsofaffin shiftoci masu goma, irin Tiagra 4600 da 105 5700, suna jan kusan milimita 2.3. Ka ninka, ka samu 3.9 da 'yan kai. Daidai ke nan. Amma da aka fito da 4700 a 2015, sai aka ba ta irin jan masu hawa goma sha ɗaya. Direlarta sau 1.4 take ninkawa, don haka shiftar take jan waya da yawa, kusan 2.8. Kai kuma ka haɗa 2.8 da 1.7. Abin da ya fito kusan 4.8, alhali kaset ɗinka 3.95 yake so. Kowace dannawa kana zarcewa da kusan 0.8. In ka danna biyar, zarcewar ta taru ta kai milimita 4, wato haƙori guda cif. Shi ya sa ka ji ta yi shiru a ta biyar amma a gidan maƙwabci. Lambobin nan ƙiyasi ne, amma sun isa su nuna inda gizo ke saƙar.

Ko shekara za ka yi kana murɗa ajasta ba za ta zauna ba. Ajasta wurin farawa kawai take matsarwa, ba ta canza tsawon taku.

Na Hotoro:
Tabɗi. Malam ya kawo allo da alli cikin dare.

Baba Mai Gyara:
Malam, ban ƙi lissafinka ba, amma ni hannu na sani. Da hannuna na ɗaura shiftar 105 mai goma a kan direlar Sora, mai keken yana nan a Fagge, har yau yana hawa. Kai, har direlar Deore ta keken daji na taɓa haɗa wa wani da shiftar titi, don yana son babban kaset, ta zauna daram. Tun ana sa giya a jikin bodi nake wannan sana'a. Yanzu a ce min goma ba ta shiga goma?

Malamin Lissafi:
Baba, Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, kuma shi ne ya sa mutane ke faɗawa ramin. Waccan 105 ɗin da ka ɗaura tsohuwar mai goma ce, 5600 ko 5700. Deore ɗin kuma na tabbata mai tara ce ko ƙasa da haka. Duk waɗannan dangi ɗaya ne, 1.7. Shekara da shekaru haka abin yake, ka ɗauki ta takwas ka haɗa da ta goma, ka ɗauki ta daji ka haɗa da ta titi. Amma gidan ya rabu. Na daji suka ware da suka koma goma, direlarsu ba ta jin yaren shiftar titi ko kaɗan. Na titi suka ware da suka koma sha ɗaya, Dura-Ace 9000 ce ta fara a 2012. Ita kuma 4700 sai ta zama jemage, kaset ɗinta na masu goma, jan wayarta na masu sha ɗaya.

Baba Mai Gyara:
Ikon Allah. Deore ɗin mai tara ce kuwa. To wallahi yanzu na gane wani keke da ya ba ni wuya watannin baya, har na ce wa mai shi direlarsa ta gaji. Ashe ni ne ban san an raba gado ba. Na karɓa, Malam. Amma ina da magana a kan tsohuwar shiftar, sai kun gama.

Ɗan Gwammaja:
Innalillahi. Wato kuɗina sun tafi ke nan? Me zan yi yanzu?

Malamin Lissafi:
Ba su tafi ba. Hanya biyu ce. Ko ka nemi direla mai jin yaren 4700, wato RD-4700 kanta ko GRX RX400. Direlolin titi masu sha ɗaya irin 5800 da R7000 su ma mutane da yawa suna haɗawa su yi aiki lafiya, duk da kamfanin bai sa su a jadawalinsa ba. Ko kuma ka mayar da shiftocin ka nemi 4600 ko 5700, ka bar direlarka inda take. Kaset da sarƙar da ka saya suna nan daram ko wacce ka bi.

Na Hotoro:
Ni fa shawarata daban. Tunda ka riga ka tsoma ƙafa, ka sayar da Tiagra ɗin ka haɗa 105 R7000 gaba ɗaya ka huta. Wanda ya hau sha ɗaya ba ya waiwaye. Kuma gobe in za ka sayar da keken ya fi daraja.

Ɗan Gwammaja:
Yaya, da bakinka kamar sauƙi. Na tambayi kuɗin cikakken saiti, abin da aka faɗa min ya fi kuɗin da na sayi keken kansa. Ina da iyali fa.

Malamin Lissafi:
Kuma ba a nan kuɗin zai tsaya ba. Na Hotoro, ka manta da wili. Kaset na takwas da tara da goma duk kan hob, wato cibiyar wili, iri ɗaya suke hawa, shi ya sa Ɗan Gwammaja ya zare tara ya zura goma ba gardama. Na titi mai sha ɗaya kuwa yana son wanda ya fi tsawo da milimita 1.85. Wilin da ya zo da Sora ta wancan zamanin da wuya ya ɗauka. Za ka jera haƙoran, ka zo kan na ƙarshe ka ga babu wurin da makullin zai kama.

Na Hotoro:
Akwai mafita ai. Kaset 11-34 mai sha ɗaya, HG700 ko HG800, yana hawa tsohon hob, don babban haƙorinsa ya lanƙwasa ya rufa kan sufok. In a sabon hob za ka sa shi ma sai ka saka masa washar 1.85 a baya. Sai dai ka haɗa da direla mai doguwar ƙafa, R7000 GS, don gajeriyar a 30 ta tsaya. Da faranti, wato haƙoran gaba, 50/34 lissafin ya cika cif: 16 a gaba, 23 a baya, 39, iyakar abin da take iya kwashewa ke nan.

Kawu Mai Rali:
Ku tsaya in tambaya. Haƙori 34 a Kano? Wane dutse za a hau? Gadar Dangi ko ta Ƙofar Nasarawa? In ba Goron Dutse za ka haura da keke ka gaida mutanen sama ba, garin nan shimfiɗe yake kamar faifai. Ku yara kuna son wahala.

Na Hotoro:
Kawu, wata rana za mu je Jos.

Kawu Mai Rali:
Shekara uku ina jin za ku je Jos.

Malamin Lissafi:
Kawu ya taɓo wani abu, kuma Ɗan Gwammaja ka yi haƙuri zan ɗan sosa maka. Tsohon kaset ɗinka 12-25 mai tara haka yake: 12, 13, 14, 15, 17, 19, 21, 23, 25. Sabon 12-28 mai goma, ƙirga ka gani in ba haka yake ba: 12, 13, 14, 15, 17, 19, 21, 23, 25, 28. Wato duk wannan hidimar, abin da ka ƙaru da shi haƙori 28 ne guda ɗaya, na hawan tudu.

Kawu Mai Rali:
Hahaha! Ba cinya ba, ƙafar baya.

Ɗan Gwammaja:
Na je na ƙirga da fitilar waya. Haka yake. Kawu ka yi dariyarka, na cancanta.

Na Hotoro:
A nan kam ina tare da Malam. Abin da mutumin Kano ke buƙata 16 ne, ba 28 ba. Duk wanda ya taɓa fita titin Haɗeja da hunturu, iska na dukan ƙirjinsa, ya san abin da nake nufi. Kana kan 17 ƙafa ta yi sauri da yawa, ka sauka 15 ta yi nauyi, ka rasa inda za ka sa kanka, ka yi ta hawa da sauka har 'yan gaba su ɓace maka. Mai goma 12-25 yana da 16 a tsakiya. Don shi kaɗai ni na bar tara tun farko.

Malamin Lissafi:
Gaskiya ne. Da faranti 50 da taya 700x25, in ƙafa tana juyi 90 a minti, 17 na ba ka kusan kilomita 33 da rabi a awa, 15 kusan 38. Ramin da ke tsakani ya fi kilomita 4. Haƙori 16 yana zaune a 35 da rabi. In mai shagon zai yarda ya canza maka da 12-25, ka canza, in dai ba ka ɓata shi ba.

Ɗan Gwammaja:
Na riga na hau shi, ya yi baƙi. Sai dai in ya cinye.

Auta:
Salamu alaikum manya. Ni ina gefe ina koyo. Shin waɗannan shiftocin 'yan China da ake tallarsu a intanet fa? Kuɗinsu bai kai rabi ba.

Na Hotoro:
Sun kasu. Microshift ta Taiwan ce, kuma R8 da R9 ɗinta an yi su ne su yi aiki da direlar Claris da Sora. Amma ita ma tana da Advent, wadda ba ta haɗuwa da Shimano sam. Irin su Sensah da L-Twoo kowane samfuri da irin jansa, in za ka saya ka sayi shifta da direla tare a kwali ɗaya, kada ka ce za ka yi musu auren dole da abin da ke jikin kekenka. Haka SRAM, shiftarta sai direlarta, ko da yake kaset da sarƙa suna musanyuwa da na Shimano in hawan ɗaya ne, har zuwa sha ɗaya. Campagnolo kuwa kada ma ka fara, hob ɗinta ma daban ne, in wani abu ya karye sai ka yi oda ka zauna jira.

Admin:
Jama'a a riƙa tuna akwai masu tashi da asuba. Amma ku ci gaba, ni ma ina karantawa. Baba, ka ce kana da magana.

Baba Mai Gyara:
Yawwa. Yarona, ka ce da sanyi ta fara, kuma da asuba ta fi yi, in rana ta ɗaga ta ɗan dawo. Ko ba haka ba?

Ɗan Gwammaja:
Haka ne Baba. In na dawo da hantsi sai ta riƙa kamawa.

Baba Mai Gyara:
To shiftarka ba ta mutu ba, suma ta yi. A cikinta akwai wasu 'yan harsuna ƙanana da ke kama haƙoran da ke riƙe waya, kowanne da sifirin siriri kamar gashi. Giris ɗin da aka sa tun daga kamfani in ya tsufa, ga ƙurar hunturu ta shiga, sai ya daskare ya zama kamar ƙaro. Sifirin ba shi da ƙarfin ture harshen, sai ka danna ka ji wayam. Zafi ya narkar da shi kaɗan, ta dawo. Shi ke nan ciwon.

Ga yadda nake yi. In zare waya tukuna, in duba kanta, don wani lokaci silin wayar ne ke tsintsinkewa a ciki ya cushe wurin. In naɗe robar baya sosai ko in cire ta, don mai yana kumbura ta ta saki har abada. In matse hannun birki bakin ya buɗe. Sai in ɗebi kananzir a sirinji in riƙa tsirta wa ciki ina danna hannuwan biyu, babba, ƙarami, babba, ƙarami. Da farko ba za ka ji komai ba. Can sai wani ruwa ruwan ƙasa ya fara ɗigowa, ka sa tsumma a ƙasa. Ka ci gaba. Wani lokaci minti goma, wani lokaci sai ta kwana. Sai ka ji ƙas. In ka ji na farko, sauran suna tafe. Ka ƙirga, mai tara dannawa takwas za ta ba ka. In ta bushe ka ɗiga mata man keken ɗinki, kada ka cusa giris mai kauri, kada kuma ka kusance ta da baƙin mai. Kuma don Allah kada ka ce za ka warware cikinta, masu agogo ma suna jin tsoron wurin nan.

Ɗan Gwammaja:
Baba, da na san haka ai da ban shiga wannan dawa ba. Tana nan a leda, har na kusa ba yara su yi wasa da ita.

Na Hotoro:
Amma Baba ba kullum ba ne. Tawa ta dā harshen ne ya karye, na yi mata wanka har uku ba ta tashi ba.

Baba Mai Gyara:
Wanda kwanansa ya ƙare ai sai haƙuri. Amma kananzir na nawa ne? A gwada tukuna.

Ɗan Gwammaja:
Barkanmu da yamma. Na dawo da rahoto bayan kwana uku. Na Hotoro, Allah ya saka da alheri, ya ba ni tsohuwar RD-5800 ɗinsa a kan kuɗin da ban isa in faɗa ba don kada a ce ya yi wauta. Jiya bayan la'asar na ɗaura. Da farko ta so ta yi min irin ta dā, gabana ya faɗi. Ashe ni ne na bi da waya ta ɗaya gefen notin da ke matse ta. Da na kwance na duba sosai sai na ga ɗan kwarmin da aka yi mata, na kwantar da ita a ciki na ɗaure. Na saita sukurun iyaka na H har ƙaramar tayar direlar ta tsaya sak a ƙasan 12, na tura da hannu zuwa 28 na saita L don kada ta faɗa sufok. Rabin murɗi na ajasta, shi ke nan. Ƙas, ƙas, ƙas, tara cif, hawa da sauka. Yau da safe na je Dawanau na dawo ban ji ko tari ba.

Saura gaba. Tana hawa babban faranti amma da ƙyar, kuma sarƙa na gogar ƙarfen in ina tsakiyar kaset. Wannan 'yar rabin dannawar ta gyara ba ta kai ta inda ya kamata. Birki kuma ya yi tauri, yana kamawa amma sai na ƙara matsawa.

Baba Mai Gyara:
Wancan gefen notin da ka bi, da gangan muke yi a dā in muna son canza takun direla. Kai ka yi shi bisa kuskure.

Malamin Lissafi:
Alhamdu lillahi. Na gaban ma ciwon ɗaya ne, shiftar hagu ta 4700 an yi ta ne don direla mai dogon hannu, FD-4700. Ta Sora za ta yi maneji amma gugar ba za ta ƙare ba. Kafin ka saya ka duba yadda taka ke manne. In da ɗan kunne a jikin bodi aka ɗaure ta, to irin wannan za ka nema. In da zobe ce, auna bututun, ko 28.6 ko 31.8 ko 34.9. Babban zobe ana iya cike shi da shim, wato ɗan ciko, a kan siririn bututu, ƙarami kuwa ba dabara. Farantin Sora ka bar shi, sarƙa mai goma tana tafiya a kai. Sai maganar birki. Ka fara da sa roba mai kyau ka goge bakin rim, in bai gamsar da kai ba sai a yi maganar canza su. Kada dai ka shiga cunkoson Ƙofar Ruwa da gudu kafin hannunka ya saba.

Ɗan Gwammaja:
Zobe ce, na auna da zare na raba da 3.14 kamar yadda ka koya mana, ya ba ni 35 ba kaɗan. Wato 34.9 ke nan. Duk wanda ya ga FD-4700 a Sabon Gari ko wajen masu gwanjo ya taɓa ni. Wannan karon sai na karanta lambar da idona.

Af, na manta babban labari. Baba, ta tashi! Daren jiya na yi mata wankan kananzir, abin da ya fito kamar kunun kanwa. Ba ta ce komai ba na bar ta a kan taga. Da asuba na danna sai ƙas. Takwas cif na ƙirga.

Kawu Mai Rali:
Wato ka sayi shifta, ka sayi kaset, ka sayi sarƙa, ka sayi direla, kana neman wata direlar, maganin kuwa yana cikin risho. Sannu da ƙoƙari.

Auta:
Yaya Ɗan Gwammaja, tunda ta tashi, ka sayar min da kayan Sora ɗin mana, shifta da direla da kaset. Keken da na gada wajen yayana na ƙarfe ne, hawa shida, giyarsa a jikin bodi take. Na gaji da sakin sitiyari ina laluben giya a tsakiyar Titin Gwarzo.

Baba Mai Gyara:
Auta, a hankali. Naka mai shida firiwil ne na murɗawa, kaset ba zai hau wilinka ba, sai ka nemi wani wilin baya. Kuma bayan bodinka zai zama 126, wilin tara 130 ne. Da yake ƙarfe ne ana buɗa shi ya karɓa, da alminiyam ne da na ce ka manta. Sannan inda tsofaffin giyoyin suke a jikin bodi sai an sa 'yan maƙalai da rigar waya za ta tsaya a kai. Ka kuma duba girman wilin, in 27 ne ba 700 ba, sai mun ga ko robar birki za ta sauko ta kai rim. Sarƙa sabuwa za ka saya, kada ka karɓi tsohuwarsa.

Auta:
A jikin tayar an rubuta 700x23, Baba.

Baba Mai Gyara:
To da sauƙi. Kawo shi ranar Asabar bayan azahar in gani da idona, kada ka biya kowa komai tukuna. Ɗan Gwammaja, kai ma ka zo da ledar gaba ɗaya, har da 'yan notinan. Akwai wani wilin baya a rataye a shago, sufok biyu ne suka karye, in hob ɗinsa na da rai sai mu ɗaura wa yaron.

Ɗan Gwammaja:
In sha Allah Baba. Auta, kuɗin sai mun haɗu, ba za mu ɓata ba.

Admin:
Fitar Lahadi tana nan, ƙarfe 6:15 a gadar Na'ibawa, mu nufi Kura mu juyo. Kowa ya zo da tib na sifiya da ruwansa. Kawu, kana zuwa?

Kawu Mai Rali:
In an yarda a jira ni a wajen mai shayi.